Zaren Tabawa

Tabawa ta garin Mungadi ba mace ce mai daɗin zama ba. Shekara ashirin ta yi tana tsintar albasa a kasuwar Aliero, tana ware ruɓaɓɓiya daga mai kyau, har idonta ya saba gano ɓaci tun bai yi wari ba. Da wannan idon take duban mutane.

Yayarta A'i ta rasu da abin da aka kira ciwon ciki. Tabawa ce ta wanke zannuwan mamaciyar, ta san ba ciki ba ne. Da jinin al'ada ya fara zarce mata ita ma, mijinta Almu ya ɗauke ta a babur zuwa wani ƙaramin asibiti a hanyar Jega. Sau uku suka je. Sau uku ma'aikacin wurin, wani Nafi'u, ya tsallake ta da ido ya tambayi Almu abin da ke damun iyalinsa. Almu kuwa kunya ta ɗaure masa harshe, sai ya ce ciki ne. Nafi'u ya rubuta maganin olsa. Tabawa tana zaune a gabansu tana dusashewa kamar zanen da ya sha wanki.

Don salla ta fara lissafi, ba don asibiti ba. Malamarsu ta Islamiyya ta ce jinin da ya wuce kwana goma sha biyar na ciwo ne, mace ta yi wanka ta yi salla. Tabawa ba ta iya rubutu ba, sai ta samo zaren ɗinkin buhu. Ranar jini ta yi ƙulli, ranar tsarki ta ɗaura farin ƙyalle, ranar da jiri ya kayar da ita ta ɗaura ja.

A zuwa na huɗu ta ce wa Almu ya tsaya gadin babur, ta shiga ita kaɗai.

"Ina maigidan?" in ji Nafi'u.

"Shi ka zubda jini ko ni?"

Nafi'u ya yi tsaki. "Inna, shekaru ne. Kowace mace in ta kai..."

"Ban haihe ka ba. Da ni na haihe ka, da ka zo da kunne."

Ta kwance bakin zaninta, ta shimfiɗa zaren a kan tebur, ya miƙe har ya sauka ƙasa. Nafi'u ya yi dariya ya ce nan ba ɗakin boka ba ne.

"Ƙidaya. Ko ba a koya muku ƙidaya ba can inda kunka yi karatu?"

Rebecca, nas ɗin da ke haɗa allura a gefe, ita ta matso. Tabawa ta bayyana mata ma'anar kowane ƙulli, ta bi zaren da yatsa tana ƙirgawa a fili. Wata biyar, kwanan jini casa'in da bakwai, jan ƙyalle goma sha ɗaya. Rebecca ta ja fatar idon Tabawa ta duba, ta ga fari fat.

"Oga, matar nan jininta ya kusa ƙarewa."

Nafi'u ya daina dariya, ya juya ga Tabawa. "To don me ba ki faɗa ba tuntuni?"

"Ka taɓa tambaya ta?"

Ya rubuta takardar tura ta Birnin Kebbi. Tabawa ta ƙi karɓa sai da Rebecca ta karanta mata ita da Hausa, don ta tabbata bai sake rubuta ciki ba.

Hoto ya nuna ƙari a mahaifa. Aka ƙara mata jini leda uku, aka yi aiki, ta tashi. Da ta dawo gida, Nafi'u ya aiko Almu da gaisuwa da barka da arziki.

"Ka ce mai na ji," in ji ta. "Ka ce mai kuma mata shida masu irin ciwon ga na tahe ran Talata, kuma ba da mazansu ba."