Inda Baba Ya Ce a Kwantar da Shi

Ni 'yar Soja ce, kuma a garinmu wannan ba kirari ba ne. In aka ce Soja, ba wanda ke tuna yaƙin basasar da mahaifina ya je yana saurayi. Gawa ake tunawa. Garin namu ƙarami ne, a bakin tafkin Kainji kafin ka kai Wara, kuma tun ban san kaina ba, duk gawar da ruwa ya turo gaɓarmu shi ake kira.

Jiragen kasuwa lodi suke yi na rashin imani: buhuna, babura, awaki, mutane a kan buhuna. Ƙarƙashin ruwan kuwa kututturan itatuwa ne na garuruwan da dam ya cinye. In jirgi ya daki ɗaya ya kife can wajen Yelwa, dangi su zo su tsamo waɗanda suka samu. Sauran sai bayan kwanaki su taso a wajenmu, sun kumbura, ba mai iya gane su. Sai ka ga mazan garinmu, manya masu gemu, sun yi cirko-cirko daga nesa, kowa da hannun riga a hanci, har ɗaya ya ce, "A kira Soja."

Shi kuwa ya ɗauki shebur da diga da tsohuwar tabarma ya gangara. Akwai wani tudu da ruwa ba ya kaiwa ko tafkin ya cika, da giginya guda a kansa. Nan yake rufe su. Bai san wane ne Musulmi ba, wane ne Kirista, wane ne na gargajiya, kuma abin bai taɓa hana shi haƙa ba. Shi kansa a gidan gargajiya aka haife shi, a bariki ya musulunta, ƙanensa kuwa coci yake zuwa. Yakan yi addu'ar da ya sani, ya kafa dutse wajen kai, ya yi wanka a gulbi, ya dawo gida.

Bayan na yi aure na taɓa tambayarsa me ya kai shi wannan aiki, tunda ba gadonsa ya yi ba. Ya amsa yana gyaran ƙotar diga.

"Ɗiyata, can wurin yaƙi mun baro mutane bisa hanya, ba mu ruhe su ba. Cewa anka yi mu wuce, munka wuce. Ba ni ƙara wuce kowa."

Iyakar labarin yaƙin da na ji daga bakinsa ke nan, duk tsawon ransa.

To me gari ya saka masa da shi? A wajen suna ko ɗaurin aure, kwanonsa daban ake ajiye masa, wai girmamawa. Ƙarya ne, ƙyama ce. Inna har ta koma ga Allah ba a taɓa aron tukunyarta ba. Ni da nake bandar kifi, da kunnena na sha jin mata suna raɗa a kasuwa, "Na ɗiyar mai gawa na," su wuce tirena su sayi na gaba, wanda ya fi nawa ƙuda. Amma in ana aikin gayya, shi ne na farko. Ya ɗebi yashin masallacin Juma'a, ya hau rufin cocin ƙanensa, ya koya wa 'yan sintiri yadda ake tsayuwa a layi, ko da yake har yau tsayuwar agwagi suke yi.

Sai albasa ta zo. Da injin ban ruwa ya yawaita, duk ƙasar da ke kusa da tafki ta zama abin rububi, idon kansilanmu kuwa ya faɗa kan tudun nan. Ya zo gidanmu da goro, ya tsuguna har ƙasa. Lokacin Baba ya tsufa tukuf, ido ya yi rauni, sai da sanda.

"Baba Soja, wurin ga ai ba na kowa ba na. Baƙi na ciki. Wa ka zuwa yi musu ziyara?"

"Ni," in ji Baba.

Daga ranar, kullum da hantsi sai ya dogara sandarsa ya tafi gindin giginya ya zauna, kamar mai gadin banki. Kansila bai sake zuwa ba. Ba wawa ba ne. Ya san ba sai ya yi rigima da tsoho ba, jira kawai zai yi.

Baba ma ya sani. Ya aika aka kira yayana daga Yelwa, inda yake da shago, ya sa muka raka shi tudun mu biyu. Ya zana wuri da sanda a gindin giginyar.

"In na mutu, nan za ku sa ni. Kabarin baƙo ana iya nome shi, ba mai magana. Amma in ina ciki, ɗiyana na gari, ba mai sa garma. Kun ji ko?"

Yaya ya sunkuyar da kai. "Mun ji, Baba. In Allah ya so."

Wannan ita ce alfarma ɗaya tak da na taɓa ji Baba ya roƙa. Bai ce a gina masa kabari ba, bai ce a busa masa begila ba. So yake ya ci gaba da gadin mutanensa ko yana kwance.

Ya cika wata safiya bayan ya sha kunu. Kafin azahar ƙofar gidanmu ta cika maƙil. Kansila ya aika mota har Yelwa ta ɗauko 'yan mazan jiya da hulunansu da tuta. Mutanen da ba su taɓa sa hannu a kwano ɗaya da shi ba, ga su suna ture juna wajen kama makara. Na aika aka kira mini Yaya bakin zaure.

"Yaya, ka tuna hwa. Gindin giginya."

"Na sani. Koma ciki."

Na koma ciki, don mace ba ta bin gawa. Daga ƙofar gidanmu hanya ta rabu biyu: dama ta gangara tafki, hagu ta nufi maƙabartar gari. Ina zaune cikin mata na kasa kunne. Na ji an sallame sallah, na ji an ɗaga, na ji takun ƙafafu da kalmar shahada suna nisa. Hagu suka bi.

Na miƙe zumbur. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta riƙe mini zane.

"Zamna, ɗiyata. Kar ki ba mu kunya."

Kunya! Ana sace mini uba da rana tsaka, ni ce zan ba da kunya. Na zauna ina kuka, matan suna ta ba ni haƙuri, sun ɗauka kukan mutuwa nake yi.

Da suka dawo Yaya ya kasa haɗa ido da ni. "Manya sunka ce bai dace a sa mutum kamar Baba cikin waɗanda ba a san addininsu ba. Girmama shi anka yi. Har sara mai anka yi."

Na ce, "Lokacin da shika ɗaukar ruɓaɓɓen mutum shi ɗai, ina manyan suke? Addininsu bai dame su ba sai yau?" Ban sake gaishe shi da fara'a ba har yanzu. Na fi jin haushinsa a kan na kansila. Kansila albasa yake nema, bai ɓoye ba. Yaya kuwa yana tsaye a wurin lokacin da sanda ta zana ƙasa.

Ba a yi sadakar arba'in ba motar noma ta hau tudun. Duwatsun da Baba ya kafa aka tattara gefe guda, aka ɗora injin ban ruwa a kansu don kada ya nutse a laka. Giginyar suka bari, saboda 'yan ƙwadago suna shan inuwa. Albasa ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba, manya-manya. Ni dai ban ƙara sayen albasa a kasuwar garinmu ba.

Bara da rani, ruwa ya fara ja baya, ina bakin tafki ina cinikin kifi, sai masunta suka jawo wata mace. Zanen goyo na ɗaure a ƙirjinta, bayanta ba kowa. Maza suka taru daga nesa, hannun riga a hanci, yadda suka saba. Can wani dattijo, cikin waɗanda suka yi rububin makarar Baba, ya buɗe baki ya ce, "A kira Soja." Kowa ya juyo yana dubansa.

Jim kaɗan dattijon ya matso kusa da ni yana sosa ƙeya, wai ko shebur ɗin marigayi na nan. Na je gida na ɗauko, na miƙa masa, amma ban saki ƙotar ba.

Na ce, "Malam, ina za ku sa ta?"

Ya ɗaga kai ya dubi tudun. Kore shar, injin na ta kuka. Ya sauke kai.

A cikin yashin da ruwa ya janye suka tona mata rami, ko ƙugu bai kai ba. Suka maido mini shebur an wanke shi tas. Da tafkin ya sake cika na gangara na duba, wurin ya koma ƙarƙashin ruwa, ko alama babu.