Ƙafar Hagu a Sitonmu na Sharaɗa

Tun ranar da mutumin nan ya fara shigowa sitonmu ban yarda da shi ba. Dattijo ne siriri, da farar hula da ɗan littafi a hannu, kuma ko sau ɗaya bai ɗaga kai ya kalli wasan ba. Ƙasa kawai yake kallo, kamar wanda allurarsa ta faɗi.

Siton na wani kamfanin roba ne a Sharaɗa, inda nake aiki a injin bokiti. Da aka daina ajiye kaya a ciki, na roƙi manaja ya bar mu mu ɗaura raga. Ni na share wurin, ni na ja layi da fenti, ni na koya wa duk wanda ya taɓa riƙe raket a can yadda ake buga badminton. Bayan la'asar, idan 'yan aikin safe sun tashi, sai mu taru mu goma. Shekara da shekaru ana ce mini Koci, alhali ko takarda ɗaya ba ni da ita. Da manaja ya ce daga yanzu sai mai shaidar koyarwa zai riƙe wurin, na shiga wani kwas a Bompai. Ƙarshen kwas ɗin, malami zai zo har filinka ya ga yadda kake koyarwa. In ya sa hannu, sito ya zauna a hannuna. In bai sa ba, a kawo wani.

Dattijon nan shi ne malamin. Kafin ya zo na riga na ji cewa yana da wani tsohon ɗalibi a Zawaciki, mai takarda amma ba shi da fili. Sai na haɗa wannan da wancan, na ce a raina na gane inda aka dosa.

A rana ta biyu ya ce kowa ya ajiye raket. Ya ɗauko alli ya yi alama shida a ƙasa, biyu kusa da raga, biyu a gefe, biyu a baya. Ya tsaya yana nuna alama da yatsa, mutanena suna zuwa suna komowa tsakiya, ba ƙwallo ba komai. Manyan magidanta suna tsalle kan iska, shi kuwa yana ta rubutu. Raina ya ɓaci sosai. Na ɗauka so yake ya nuna musu ban iya komai ba, don in an cire ni kada kowa ya yi magana.

Abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne da na hango shi a bakin get yana magana da gwanina. Wani ɗan Nijar ne mai aiki a injin niƙa roba, babu wanda ya kai shi zafin nama a cikinmu. Ya daɗe yana ɗaure gwiwarsa ta hagu da bandeji, kuma ba shi kaɗai ke kuka da ita ba. Duk wanda ya yi mini ƙorafi, ce masa nake simintin wurin ne, ko takalminsa, ko tsayuwar da yake yi a gaban inji tun safe. Da na ga dattijon ya durƙusa yana taɓa gwiwar, na ce to, bayan fili har da mutumina ake so a ɗauke.

A rana ta uku na kasa haƙuri. Na tare shi a gaban kowa na ce, "Malam, in wurin kuke so wa ɗalibinku, ku faɗa mini a fili. Ba sai kun wahalar da mutane da alli ba."

Sai ya cillo mini allin ba zato, na cafe.

Ya ce, "Dubi hannun da ka cafe da shi."

Hagu ne.

"Kana ƙarami, da wane hannu kake kai loma?"

Nan na tuna kakata da ludayinta. Duk lokacin da na miƙa hagu cikin kwano sai na ji shi a bayan hannuna, har na koma cin abinci da rubutu da gaisawa duk da dama. Ni kaina na manta an haife ni bahago.

Ya ce, "An gyara maka hannu, ba a gyara ƙafa ba. Mai riƙe raket da dama, ƙafar dama yake zurawa in zai je raga. Kai hagu kake zurawa, sannan ka murɗa jiki don hannu ya kai. Ƙafarka ta hagu tana da ƙarfin ɗaukar haka. Su waɗannan ba bahagwai ba ne, kai suka gani suka kwaikwaya."

Ya jera su tara ya nuna alamar gaba. Gaba ɗaya suka zura ƙafar hagu, suka murɗa ƙugu, sak yadda nake yi. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Ɗan Nijar ɗin ya dube ni, ba da faɗa ba, ya ce, "Koci, ai kun ce siminti ne."

Dattijon ya ba ni wa'adin wata guda in gyara. Muka yi ta bin alli, ni a gaba, ina koyon tafiya da furfura a gemu. Da ya dawo ya sa hannu, ko zancen ɗalibinsa bai yi ba. Siton yana hannuna har yau.

Gwanina dai bai sake wasa ba. Yana nan a injinsa, kuma har yanzu Koci yake ce mini. Kullum da safe nakan gan shi yana hawa matakalar kamfani ɗaya bayan ɗaya, yana riƙe da ƙarfen gefe, ƙafar dama a gaba, yana jawo ta hagun a baya.