Yayen Zayyad

A unguwarsu ta Mainika ba a san Naja'atu da yawan magana ba. Tana ƙarama mahaifiyarta ta rasu, ta tashi a hannun mahaifinta, Malam Mudi, mai koyarwa a wata Islamiyya. Ta yi boko daidai gwargwado, ta koyi ɗinkin hula a wajen wata maƙwabciya, daga nan ta auri Ƙasim, wani tela ɗan garin Gude mai yawan barkwanci. Zaman nasu bai yi tsawo ba. Ɗansu Zayyad bai daɗe da fara zama ba amai da gudawa suka kama Ƙasim a tsakiyar damina, kafin a samu motar kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

A gidan mijin ta yi takaba, ɗaki ɗaya da surukarta Turai. Ƙasim shi kaɗai ne namiji cikin 'ya'yan tsohuwar, kuma tun rasuwarsa ta daina cin abin kirki, sai in an ɗora mata jikan a cinya take ɗan sakewa. Ranar da Naja'atu za ta koma gidan mahaifinta, Turai ta rako ta har bakin titi, ta shafa kan yaron, ta ce ba za ta raba shi da nono ba, amma ranar da ya taka ƙasa da ƙafarsa a kawo mata shi ta yaye shi, ya zauna a gidan ubansa. Naja'atu ta sunkuyar da kai ta ce to. Zayyad ɗan fari ne, kuma a yadda aka rene ta, mace mai kunya ba ta nuna ɗokin ɗan fari a gaban manya. Ko sunansa ba ta faɗa, sai dai ta ce yaron nan.

Tun daga ranar, duk abin da ke sa uwa murna sai ya zame mata abin fargaba. Da haƙorinsa na farko ya ɓullo, cizon da ya yi mata ne ya sanar da ita, ba ta faɗa wa kowa ba. Da ya fara rarrafe ya addabi gidan: ya kwance mata zaren hula, ya kifar da tawadar Malam, ya cusa ƙasa a baki yana dariya. Tana bin sa tana ƙwacewa, tana dariyar ita ma, sai kuma ta tuna, dariyar ta tsaya. Matan unguwa kan riƙe hannun 'ya'yansu suna cewa tata, tata, don su yi saurin tafiya. Ita ba ta taɓa yi masa ba. In ya dafa turmi ya miƙe, sai ta miƙa masa murfin kwano ya koma ya zauna.

Duk da haka ya taka. Wata hantsi tana tankaɗe, ya saki turmin ya nufo ta hannuwa a sama, yana tangaɗi, ya faɗo mata a jiki. Babu kowa a gidan. Ta rungume shi ta sumbaci wuyansa da tafin ƙafarsa, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutum ba, sannan ta ɗauko majanyi ta goya shi.

Goyon nan ya zama dabararta. Turai takan zo lokaci-lokaci da ƙullin ƙuli-ƙuli ko 'yar fura, kuma duk zuwan da za ta yi a baya take samun sa. Ya yi nauyi, ƙafafunsa na dukan cinyar uwar, yana zillo yana son sauka.

"Wannan miji nawa rago ne," in ji Turai, tana ja masa kumatu. "Tsaranka suna can suna korar kaji, kai kana nan a maƙale. Zan sake ka in auri wani."

Naja'atu takan ce ai jikin nasa ne ba ƙwari. Ƙaryar tana yi mata nauyi, don tana ganin yadda tsohuwar ta rame, tana kuma jin ta tana tambayar Malam ko akwai rubutun da ake ba yaron da ƙafarsa ta yi nauyi.

Wata ranar Juma'a Turai ta daɗe har la'asar. Naja'atu ta ga yaron ya yi barci, ta kwantar da shi a tabarma ta tayar da salla. Tana raka'a ta biyu ta ji motsi. Ta gefen ido ta ga 'yan ƙafafunsa sun wuce ta gaban dardumarta, ba tangaɗi, yana bin wani ɗan akuya har bakin rijiya. Turai ta rangaɗa guɗa, guɗar ta ƙare da kuka. Naja'atu ta ƙarasa sallarta, ba ta san me ta karanta ba. Duk wanda ya ga tafiyar ya san ba ta ranar ba ce, amma tsohuwar ba ta ce komai a kan haka ba. Ta ce dai tafiyar ubansa ce sak, har yadda yake karkata kafaɗa.

Bayan sati Turai ta dawo tare da ƙanen mijinta, baffan Ƙasim, a kan babur. Malam Mudi ya zaunar da su a tsakar gida, ya yi wa mamacin addu'a, sannan ya ce shi a abin da ya karanta, uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗanta matuƙar ba ta yi wani auren ba, don haka ba zai ba da yaro ba sai ya ji ta bakinta. Ya juyo ya dube ta.

"Naja'atu, in kina son ki riƙe shi ki faɗa. Ba wanda zai ga laifinki."

Maganar tana bakinta. Amma ga mahaifinta, ga surukarta, ga baƙon namiji, duk sun zuba mata ido, kuma ba ta da uwa ko gwaggo a wajen da za ta ari bakinta. Ta ji kamar an ce ta tuɓe mayafi a kasuwa.

"Baba, ai ɗansu ne," ta ce.

Malam ya jira ko za ta ƙara wani abu. Can ya tashi ya shiga ya yi rubutun yaye ya wanke ya ba su a gora. Naja'atu ce ta haɗa kayan yaron da hannunta. Zayyad kuwa murnar hawa babur yake, ko waiwaye bai yi ba.

Ƙirjinta ya cika ya yi tauri, zazzaɓi ya kwantar da ita. Da ta tashi ta koma kan hulunanta, allura na shiga tana fita, gidan tsit, zare a inda ta ajiye shi. An ce kada ta je da wuri don kada yaron ya tuna nono, sai ta haƙura har aka yi girbi. A tsawon wannan lokaci tana ta maimaita magana ɗaya a ranta, har ta iya faɗinta a fili in tana wanke-wanke.

Ranar da ta je Gude, ta sami Turai a tsakar gida tana ba shi tuwo da miyar kuka. Tsohuwar ta yi ƙiba, fuskarta ta washe. Zayyad ya yi tsawo, an yi masa aski, ya iya cewa ruwa da akuya da a'a. Da Naja'atu ta miƙa masa hannu, ya leƙo ta, ya koma bayan kakarsa. Bayan an gama gaisuwa, kanta a ƙasa, ta ce, "Inna, na zo ne in tafi da shi."

Turai ta ajiye kwanon tuwon. Ta wanke hannu, ta shiga ɗaki ta ƙulle kayansa a ɗankwali, ta ɗauko shi ta ɗora mata a baya da kanta, har ta gyara mata majanyin.

"Da kin faɗa tun ran nan, 'yar nan," ta ce. "Ni ma na haifa."

Tun a zaure ya fara kuka. A hanya ya sandare, yana dukan bayanta, yana miƙa hannu baya yana kiran Inna, Inna, kuma ta san ba da ita yake ba. Ta yi masa wasa, ta nuna masa shanu, ta saya masa alewa ya jefar. Da suka isa bakin titi muryarsa ta dushe, numfashinsa na sarƙewa. Mai babur ya tsaya ya tambaye ta ko Mainika za ta. Ta ce masa ya je, ta juya ta kama hanyar da ta fito.

Ta tarar da Turai zaune inda ta bar ta, tuwon ya huce. Naja'atu ta durƙusa ta kwance majanyin. Yaron ya sauka da gudu ya faɗa jikin tsohuwar, yana ajiyar zuciya, nan da nan barci ya ɗauke shi. Can Turai ta matsa gefe a kan tabarmar, ta ɗaga ƙafafunsa a hankali ta ɗora su a cinyar uwarsa.