Bulala Shida a Kan Inuwar Wata

Ranar Laraba, ashirin da tara ga watan Maris na shekarar 2006, da hantsi, ina durƙushe a gaban dukan ɗaliban makarantarmu da ke Tudun Wada, tafin hannuna yana zogi saboda bulala shida da na sha. Shekarata goma sha uku, ina aji biyu na ƙaramar sakandare. A ranar za a yi husufin rana, laifina kuma shi ne na faɗi abin da ke kawo shi.

Mai koya mana kimiyya sunanta Malama Rahila, Kirista ce daga Filato, mijinta kafinta ne a Sabon Gari. Kafin zuwanta, kimiyya a wurinmu kwafar allo ce kawai, a haddace, a zubar a takardar jarrabawa, a manta. Ita kuwa da leda take shigowa aji. Wata rana ta fito da tocila da lemo da goruba. Ta soke lemon da tsinke, ta ɗiga masa biro ta ce nan ne Sakkwato, sannan ta haska tocila tana juya shi a hankali har ɗigon ya shiga duhu. Ranar na gane cewa rana ba faɗuwa take yi ba, duniya ce ke juyawa da mu. Da lemo take koyarwa saboda taswirar duniya mai siffar ƙwallo, guda ɗaya tak da makarantar ta mallaka, tana ofishin shugaban makaranta a bisa kabad, ba a taɓa ta sai in za a goge ta don baƙi.

Da rediyo ya fara sanar da husufin, sai ta ratsa da gorubar tsakanin tocila da lemo, inuwa ta sauka a kan ɗigon. Ta ce gorubar ita ce wata, abin da zai faru ke nan. Ta ja mana kunne sosai cewa kada wanda ya kalli rana kai tsaye, ko da baƙin tabarau, ko a cikin kwanon ruwa. Ta koya mana huda kwali da allura, mu manna farar takarda a ciki, mu juya wa rana baya mu kalli hotonta. Mako biyu muka bar carafke da 'yar gala-gala a lokacin tara. Ina gama ɗebo ruwa da wanke-wanke da la'asar, sai ni da ƙawayena mu bi shagunan Mabera muna roƙon kwalin sabulu.

Babana manomi ne, yana noman rani a fadama, ranar Asabar mukan bi shi korar tsuntsaye a shinkafa. Bai yi boko ba, amma ya san sama. Shi ya nuna mini Kaza da 'ya'yanta bayan magariba, ya ce in ta daina ganuwa a yamma to damina ta matso. Na yi masa darasin Malama a tsakar gida da fitila da albasa da ƙwallon dabino. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce lalle shi ya sa bai taɓa jin an yi husufin rana ba sai a ƙarshen wata, ga shi kuwa Safar yana shirin ƙarewa. Ya ce shi zai tafi masallaci sallar husufi, ni kuma in je in gani da kwalina, in dawo in ba shi labari.

Da safiyar ranar muka tara kwalayenmu a gindin dogon yaro, muka shiga layin taro. Shugaban makaranta ya hau dakali da bulalarsa, ya fara bayani da Turanci yana fassarawa. Ya ce yau inuwar duniya za ta faɗa kan rana ta rufe ta. Sai ya tambaya ko mun fahimta. Ni da wautata na ɗauka tambayar gaskiya ce. Na ɗaga hannu, na gaishe shi, na ce ai wata ne zai shiga tsakaninmu da rana, inuwar duniya kuwa a kan wata take faɗawa, shi ne husufin wata. Wani daga cikin malamai ya yi dariya a ciki-ciki. Abin da ya jawo mini ke nan. Ya kira ni gaba, ya tambayi wa ya koya mini rashin kunya, ya zane ni, ya sa na durƙusa. Malama Rahila ta matso ta ce masa a hankali, "Ranka ya daɗe, yarinyar daidai ta faɗa." Bai ko dube ta ba. Ya ba da umarni a kwashe kwalayen a zuba a bola, a shigar da mu aji a rufe tagogi, wai don kada mu makance.

Da don idanunmu ya yi, da ban riƙe shi ba. Amma ya san yadda kwalayen ke aiki, domin sai da Malama ta kai masa ɗaya ofis tun mako guda kafin nan, ya ce ya yi kyau.

Muka zauna cikin zafin bazara a ɗaki rufe, wasu suna kuka. Muna jin kiran salla daga masallatan unguwa, hasken da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa yana dusashewa, iska ta yi wani sanyi. Malama tana zaune a kujerarta. Can sai ta miƙe, ta yagi takarda daga littafinta ta shimfiɗa a ƙasa, ta yafito mu. Kwanon rufin ajinmu duk huji ne, da damina sai mun ja benci gefe. Kullum hasken da ke ratsowa ta hujin nan zagayayye ne kamar kwabo, amma a ranar kowane ɗigo ya koma kamar jinjirin wata. Suna nan birjik a ƙasa, a kan benci, har a kan hijabanmu, suna ta sirancewa muna kallo. Na tara tafin hannuna da ya kumbura, ɗaya ya sauka a ciki.

Da na koma gida Baba ya ga hannun. Washegari ya bar shinkafarsa ya bi ni makaranta. Ina tsaye a bakin ofis na ji yana cewa, "Malam, in ɗiyar ga ƙarya tay yi, ka ƙara mata. In gaskiya ta, mi tay yi maka?" Aka ce masa harkar boko ce, ba zai gane ba. Ya fito, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Kafin zangon ya ƙare aka rubuta wa Malama takardar tuhuma, wai tana zuga ɗalibai su raina na gaba. Aka mayar da ita wata makarantar ƙauye mai nisa da ba ta iya zuwa daga Sabon Gari, daga baya muka ji sun koma garinsu. Ko sallama ba a bari ta yi da mu ba. Na yi shekaru ina ɗora wa kaina laifin tafiyarta, sai da na girma na gane ba ni ce mai laifin ba. Babu wanda ya sake ɗaga hannu a taro har muka gama makarantar. Shi kuwa shugaban makarantar aka ƙara masa girma.

Yanzu 'yata ta fari tana aji ɗaya na ƙaramar sakandare a Mabera. Ajinsu da fanka da silin, tana jero sunayen duniyoyi takwas da Turanci ba gargada. Kwanan baya na tambaye ta me ya sa inuwarta ke gajarta da azahar, ta ce ba a rubuta musu wannan ba. Na ce ta tambayi malaminsu, sai ta zaro ido ta ce ba a yi masa tambaya. Na yi kewar Malama Rahila, ko'ina take, kuma har yau ina bin wancan shugaban makarantar bashin ban haƙuri guda da bai ba mu ba.