Ranar da Aka Tuƙa Dorcas Pardy

Tafin hannun Dorcas Pardy ya riga fuskarta tsufa. Tun tana 'yar ƙanƙanuwa, a wani ƙauyen masunta da ke maƙale a jikin dutse can kudancin Newfoundland, ubanta Eli ya aza mata filafilai biyu a cinya ya ce, "Kwale-kwalena ba ya ɗaukar kaya mai numfashi, 'yar nan. Ko ki ja, ko ki zauna ki taya uwarki shanyar kifi." Ta ja. Hannu ya yi bororo, bororo ya fashe, ruwan gishiri ya shiga ya yi abin da ya saba, daga bisani fata ta yi kanta. Mai jan filafili kuwa baya yake bai wa inda za shi. Haka ta san teku, idonta a kan hasumiyar cocin ƙauye tana ƙanƙancewa, ƙeyarta tana fuskantar buɗaɗɗen ruwa.

Da kifi ya ƙaurace wa gaɓar, mutane ma suka bi shi. Gida bayan gida aka riƙa buga katako a taga. Dorcas ta ɗaure 'yar jakarta ta sauka Halifax, ta shiga aikin sojan ruwa a matsayin kurtu. Aikinta na fari kankare tsatsa da shafa fenti, a ranakun da iska ke yanka kunne. Mata a jirgin yaƙi ba su da yawa a lokacin, kuma samarin ba su ɓoye cewa jiran gudunta suke yi ba. Suna kwaikwayon harshenta na 'yan tsibiri, suna kiranta Kan Kifi. Ba ta tanka ba sai ranar da suka fita teku hadari ya taso, masu bakin nan suka yi layi a gefen jirgi suna mayar da abincin safe. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da bokiti.

"Ga shi, ɗan birni. Kada ka ba kifi duka, ka rage na gobe."

A hankali ta hau. Ta yi karatun taswira da na taurari, ta ci jarrabawa, aka cire ta daga cikin ƙananan ma'aikata aka ba ta zaren zinariya na hafsa a hannun riga. A teburin hafsoshi akwai waɗanda suka fito daga kwaleji kai tsaye, hannunsu sumul, kuma wani cikinsu yakan shaƙi iska in ta zauna ya ce yana jin warin fenti. Takan ce masa ya gode wa Allah hancinsa na aiki, ta miƙa hannu ta ɗauki gishiri. Aure ya taɓa leƙowa sau ɗaya, ya ga jakarta a ɗaure a bakin ƙofa, ya juya. Eli ya rasu tana tsakiyar teku. Abin da ya bar mata kwale-kwalen nan ne, ruwan ɗorawa da koren baki, ta sa aka kawo mata shi ta ajiye a tsallaken tashar jiragen ruwa ta Halifax, wajen Dartmouth, inda gidanta yake.

Akwai wata al'ada da ta shiga ranta tun tana ƙaramar hafsa. Ranar da kyaftin zai miƙa jirginsa ya bar shi, ba ya sauka ta tsanin da kowa ke bi. Hafsoshinsa ne suke shiga ƙaramin kwale-kwale cikin kayan sarki, su ɗauki filafili da hannunsu, su kai shi gaɓa yana zaune a baya bai taɓa komai ba. Ta ja wa kyaftin-kyaftin da dama, na kirki da waɗanda ta so ta kife da su. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, amma tana ajiye da ranar tata a zuci kamar yadda ake ajiye garwashi a cikin toka.

Jirginta na ƙarshe a matsayin kyaftin babba ne, mai kai wa sauran jirage mai da abinci a tsakiyar ruwa. Ya kwana biyu a duniya, don haka ma'aikatansa suke ce masa Tsohuwa, kuma da gashin Dorcas ya yi fari sai sunan ya ishe su biyun. In aka ce Tsohuwa ta tashi da fushi yau, sai an tambaya wacce.

Rigimar ta zo ne da kaka. Admiral Whitlock, wanda jiragen gaɓar ke ƙarƙashinsa, yana da manyan baƙi da yake so su ga jirage a jere a cikin teku. Injin da ke jawo ruwan kashe gobara a Tsohuwa kuwa ya lalace, ga ta cike da mai har wuya. Dorcas ta faɗa a rubuce, ta faɗa a waya. Da ya hau jirgin da kansa ya ce kwana ɗaya ne kawai, sai ta faɗa masa a gaban mutanensa.

"Yallaɓai, 'ya'yan mutane ne a cikin nan. Ba zan ɗora su a kan tandun mai in fita da su don a tafa ba. In kana da wanda zai fita da ita, ga kujerar."

Tsohuwa ba ta fita ba. An gyara injin bayan mako biyu, ba wanda ya ce Dorcas ta yi laifi, ba kuma wanda ya ce ta yi daidai. Sai dai aka yi mata tayin wani tebur a Ottawa, babban birnin ƙasar, inda ruwan da za ta gani shi ne na kofin shayi. Ta ce a'a, ta zaɓi ritaya. Ana jibi za ta miƙa jirgi, mataimakinta Gilles Arsenault ya same ta a ɗakinta, hula a hammata.

"Ranki ya daɗe, saƙo daga sama. Wai tasha ta cika da zirga-zirga, kada a sauke kwale-kwalen soja ko ɗaya ranar. Mota za ta zo ta ɗauke ki."

"Mota."

"Baƙa, mai kyau. Har da direba."

"Ka ce musu na gode. Gawa ake ɗauka a baƙar mota."

Arsenault ya gyara hular a hammata. Shi zai riƙe jirgin kafin a naɗa sabon kyaftin, kuma ƙarin girmansa yana kan teburin Whitlock. Ta san haka, shi ma ya san ta sani.

"Kada ka sa kanka a ciki, Gilles," in ji ta. "Kana da 'yan mata biyu a makaranta. Zan san yadda zan sauka."

Ranar ta waye da sanyi, ruwan tasha ya yi launin dalma. Masu gadin Tsohuwa suka hango wani abu ruwan ɗorawa yana tsallako tasha daga Dartmouth, da suka duba da kyau sai suka ga kyaftin ɗinsu ce cikin cikakkun kayan sarki, lambobi a ƙirji, tana jan filafili kamar mai zuwa duba koma. Ta ɗaure kwale-kwalen Eli a gindin tsanin igiya ta hau. An ce kada a sauke na soja. Wannan na masunci ne, kuma ba sauke shi aka yi ba.

Aka yi taron a gajarce. Ta sa hannu a takardar miƙa jirgi, Arsenault ya sa hannu, ta sha romon hantsi tare da ma'aikata kamar kullum, ta ce wa mai dafa abinci har yau gishirinsa bai ji ba. A kan dakalin tasha baƙar mota tana tsaye, ƙofa a buɗe. Dorcas ta wuce tsanin da ke kaiwa gare ta ba ta ko kalle shi ba, ta nufi ɗaya gefen, ta kama igiya ta fara sauka.

Da ta dubi ƙasa sai ta ga wurinta a cike. Arsenault ya zauna a bencin gaba, filafilai a hannu. A benci na biyu ga Noreen Comeau, babbar injiniyar jirgin, wadda ita ta fara kawo labarin injin nan.

"Ku fita mini daga kwale-kwale."

"Ba za mu iya ba, ranki ya daɗe," in ji Arsenault. "Umarnin mai jirgi ne."

"Ni ce mai..." Ta tsaya.

"Kin sa hannu ɗazu. Ni na gani da idona."

"Gilles, tagar Whitlock tana kallon nan."

"Na sani. Shi ya sa na goge takalmi. Ki zauna a baya, Tsohuwa, kina ɓata mana lokaci."

Ta daɗe a rataye a jikin tsanin. Tun ranar da Eli ya aza mata filafilai ba ta taɓa shiga wannan kwale-kwale hannu sake ba. Ta sauka a hankali, ta zauna a baya, ta rasa inda za ta kai hannuwan, sai ta tura su ƙarƙashin cinya ta danne.

Suka ja. Filafilin Comeau ya mari ruwa ya watsa wa kowa, na Arsenault ya nutse har ya kusa tuntsurar da shi. Kwale-kwalen ya yi ta karkata kamar mai neman abin da ya yar.

"Da ubana na raye da ya kai ku ƙara. Comeau, ruwa ake ja, ba dukansa ake yi ba. Tare. Na ce tare."

Daga can sama usur ya tashi, siriri, dogo, irin wanda ake busa wa kyaftin in zai bar jirgi. Masu ja su ne ke fuskantar Tsohuwa. Ita kuwa gaɓa ce a gabanta, karo na farko a rayuwarta tana kallon inda za ta.

"Duk sun fito, ranki ya daɗe," in ji Arsenault. "Har masu wanke kwanuka. Sun cire huluna. Ba za ki waiga ba?"

"Na kalli baya ya ishe ni. Ka ja."

Hanyar Dartmouth tana dama. Dorcas ta zaro hannu ɗaya ta nuna hagu, inda dakali yake, da motar, da dogon gini mai manyan tagogi, ofishin Whitlock.

"Ta can za mu bi. Kusa-kusa. Kuma ku daidaita hannu, kada mutumin ya ce ban koya muku komai ba."

Suka daidaita gwargwadon iyawarsu. Da suka zo daidai motar, direban ya fito ya tsaya yana kallonsu, ya rasa abin yi, sai ya sara mata. Dorcas ta amsa masa, ta ɗaga kai ta dubi tagar bene, ta riƙe hannun a goshi har suka wuce ginin. Sannan ta mayar da shi ƙarƙashin cinya, ta ce su juya dama, akwai shayi a gida.