Rediyo Bai Ɗaga Rigata Ba

Jiya a kasuwar Gummi wata tsohuwa ta cafke hannuna: "Sani na Inna Hajo? Ashe kana raye!"

Na gane ta. Maƙwabciyarmu ce a Bukkuyum.

Ina firamare, zamanin da zancen ƙanjamau ya cika rediyo, wasu ƙuraje masu ruwa suka feso min a haƙarƙari, gefe guda, suna raɗaɗi kamar wuta. Lafiyata lau, har ƙwallo nake bugawa. Matar nan ta ɗaga rigata ta duba, kafin la'asar unguwa ta ɗauka wai ƙanjamau gare ni.

Likita ya ce ƙarambau ɗin da na yi ina ƙarami ne ya farka, yaro mai lafiya ma yana yi. Ƙuraje suka warke. Amma yara suka daina cin kwano ɗaya da ni, aka ƙaurace wa wainar Inna har ta kife tanda.

Na ce mata, "Ina raye. Inna dai ta rasu."

Ta ce, "Ɗana, haka munka ji a rediyo."

Rediyo bai ɗaga rigata ba.

Da ku ne, za ku bar mata hannun?