Baba a Bayan Katanga

Na sha yawo, daga Fatakwal har Damagaram, na kuma ga masu tsoron Allah iri-iri, amma ban ga kamar babanmu ba. Shi nasa tsoron har rabawa yake yi, kowa a gida sai ya samu kasonsa.

Magini ne daga kudancin Zariya. Aikin gwamnati ya kawo mu Kazaure lokacin da kuɗin mai ya fara shigowa, ana ta gina ajujuwa har su Roni da Gwiwa. Mu Kirista ba mu da yawa a garin, ranar Lahadi benci ma ragowa yake a majami'a. Kullum maganarsa ɗaya: "Mu baƙi ne, idon gari na kanmu. Ɗana ba zai kunyata Yesu ba."

Kowace safiya bayan addu'a sai haddar aya. Wanda ya kuskure, shi zai je da ƙafarsa ya karyo tsumagiya a darbejiyar ƙofar gida. In ka kawo siririya a mayar da kai. Ni na san dabara: in na manta sai in haɗiye tsakiyar, in ce amin da ƙarfi. Amma ƙanwata, autarmu, tana da in'ina. Ta san ayar sarai, ni ma ita ke tuna mini, sai dai da Baba ya zuba mata ido harshen ya maƙale.

"Taurin kai ne," in ji shi.

Mama ta ce, "Maigida, haka Allah ya yi ta."

"Allah bai ba ni 'yar da za ta kasa faɗin maganarsa ba."

Ranar bikin yara a majami'a aka tsayar da ita gaban jama'a ta kawo aya. Ta buɗe baki, kalmar farko ta ƙi wucewa, wata mata a baya ta yi dariya. Abin da ya biyo baya a gida ba zan faɗa ba. Sai da maƙwabcinmu, wani dattijo Musulmi, ya shigo ba sallama ya riƙe masa hannu yana cewa, "Haba Malam, don girman Allah!"

Tun daga ranar ta daina magana in yana gida. Ba gaba take yi ba, muryar ce ba ta fitowa. Da ta ji ƙarar kekensa sai muryar ta ɗauke. In ya fita kuwa ta yi ta zuba da Mama, tana tankaɗe tana rera waƙar majami'a, ko in'inar babu.

Baba ya kai ta asibiti, aka ce lafiyarta ƙalau. Ya yi azumi. Ya sayo mata takalmi a kasuwar Babura, ta durƙusa ta karɓa hannu bibbiyu, baki ya motsa, ba sauti. Ya je wurin fasto, fasto ya ce ya nemi gafararta. Ya dawo yana huci, wai uba ne zai roƙi 'yar cikinsa? Amma ya yi. Da idona na gan shi, ƙaton mutum, tsugune gabanta, hannu duk siminti.

"Auta, ki yafe mini. Ce mini Baba kawai. Ko zagina ne ki yi, zan ji."

Ta yi ta ƙoƙari har jijiyar wuyanta ta tashi, hawaye na zuba. Ba abin da ya fito.

Daga nan ya koyi sauka tun daga bakin titi, ya saɓo keken a kafaɗa don kada ya yi ƙara. Wata rana na taso daga makaranta na same shi tsaye cikin rana a bayan katangarmu, ita kuma tana waƙa a ciki.

Na ce, "Baba, ku shiga mana, abinci zai huce."

Ya ɗora yatsa a baki. "Yi shiru, bari ta gama baitin. In na shiga shi ke nan."

Haka ya riƙa jin muryar 'yarsa ta bayan katanga, har aka yi mata aure ta bar gidan.